Tafiya Vestfirðir, ƙuryar arewa maso yammacin Ayislan: tambayoyi da amsoshi

Mafi yawan masu zuwa Ayislan a Reykjavik, babban birnin ƙasar, da kudancinta suke tsayawa, ko su bi babban titin da ya kewaye tsibirin su dawo. Wannan titin bai shiga Vestfirðir ba, gefe yake barinta, shi ya sa har yanzu yankin bai cika da baƙi ba. Ga tambayoyin da mai niyyar zuwa yakan yi, musamman wanda zai taso daga ƙasar zafi.

Ina ne Vestfirðir, kuma mene ne fiyod?

Wani babban yanki ne da ya miƙe cikin teku a arewa maso yammacin Ayislan, yana fuskantar Girinlan, siririyar ƙasa ce kawai ta haɗa shi da sauran tsibirin. Fiyod kwari ne mai zurfi da daskararriyar ƙanƙara ta sassaƙa cikin duwatsu a zamanin da ta lulluɓe ƙasar. Da ta narke sai teku ya kwararo ya cika kwarin, ya zama dogon ruwa tsakanin duwatsu biyu masu tsayi. Irinsu ne jere a yankin, ɗaya na bin ɗaya, kuma garuruwan duk a bakin ruwa suke, a ɗan filin da dutse ya rage musu.

Mutanen yankin gaba ɗaya wajen 7,000 ne. Babban garinsu Ísafjörður, shi ma bai kai mutum 3,000 ba. Kamun kifi ne tushen arzikinsu tun kaka da kakanni, yanzu kuma an ƙara da kiwon kifi a cikin teku da karɓar baƙi. Duwatsun nan su ne mafi tsufa a Ayislan, kuma babu dutse mai aman wuta a cikinsu. Aman wutar da ake ta nunawa a labarai tun 2021 a Reykjanes yake faruwa, can kudu maso yamma, nesa da nan.

Bahaushe daga Najeriya ko Nijar, ta yaya zai isa?

Ayislan ba ta cikin Tarayyar Turai, amma tana cikin yankin Shengen, don haka bizar Shengen ake nema. Kuɗinta Yuro 90 ga babba, tare da inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000, da shaidar masauki, da tikitin komowa, da takardar banki. A shafin gwamnatin Ayislan ake duba ofishin da ke karɓar takardu a madadinta a ƙasarka. Ka fara nema da wuri, domin layin ganawa a watannin bazarar Turai, wato Yuni zuwa Agusta, yakan yi tsawo.

Babu jirgi kai tsaye daga Afirka ta Yamma. Sai ka ya da zango a wani birnin Turai, kamar Faris ko Amstadam ko Farankfot, sannan ka kama jirgin Keflavík, babban filin jirgin saman Ayislan. Mai fasfon Najeriya ya yi hattara da tikitin da ya bi ta Landan: Ingila tana da nata sharaɗin bizar wucewa, kuma bizar Shengen ta ziyara ba ta wadatar da shi. Agogon Ayislan daidai yake da na Gana duk shekara, wato Najeriya da Nijar suna gaba da awa ɗaya.

Daga Reykjavik fa?

Hanya uku ce. A mota, Ísafjörður tana da nisan kilomita 450 da 'yan kai, tafiyar awa shida idan ba a yi ta tsayawa ba, kuma ba wanda ke iya ƙin tsayawa. A jirgin sama minti 40 ne, daga ƙaramin filin da ke cikin Reykjavik, wanda ya yi wa Keflavík nisan kusan kilomita 50. Saukar Ísafjörður abin kallo ce, domin jirgi yakan bi gefen dutse ya yi kwana a ƙuryar fiyod kafin ya taɓa ƙasa, kuma saboda haka iska kaɗan ta isa a soke tashi. Kada ka sa wannan jirgin a ranar da za ka kama na gida.

Ta uku ita ce jirgin fito mai suna Baldur, da ke ɗaukar mutane da motoci daga garin Stykkishólmur ya tsallaka tekun Breiðafjörður zuwa Brjánslækur cikin kamar awa biyu da rabi. A bazara yana tsayawa a ɗan tsibirin Flatey. Ga wanda ya nufi kudancin yankin, wajen dutsen tsuntsaye na Látrabjarg, wannan ce hanyar da ta fi daɗi, amma a kama wa mota wuri a jirgin tun kafin ranar.

Motocin haya na jama'a ba su da yawa, kuma ba sa kai wa mafi yawan wuraren da ake zuwa kallo. In ba za ka yi tuƙi ba, ka sauka a Ísafjörður ka riƙa bin masu kai baƙi yawo.

Wane lokaci ya fi?

Daga tsakiyar Yuni zuwa ƙarshen Agusta. A nan ne hanyoyin kan duwatsu suke buɗe, jiragen ruwa suna zuwa Hornstrandir, ƙuryar arewa da ba titi, tsuntsaye suna kan ƙwai, masaukai da wuraren cin abinci suna aiki. A Mayu dusar ƙanƙara ba ta gama barin tuddai ba. Satumba tana da kyaunta: ganye ya yi ja, baƙi sun ragu, dare, wanda ba ya yin duhu a tsakiyar bazara, ya dawo har ana iya ganin hasken nan kore da ke rawa a sararin arewa. Sai dai guguwa ta fara, kuma ƙananan masaukai sun soma rufewa.

Wanda yake son ganin hasken arewa da tsuntsun lundi a tafiya ɗaya zai sha wuya, domin hasken sai da duhu, tsuntsun kuma yana barin gaɓa wajen tsakiyar Agusta, daidai lokacin da dare ya fara yin baƙi.

Kwana nawa ya kamata a ware?

Biyar ne mafi ƙaranci, mako guda ya fi. Taswira tana yaudara a nan. Za ka hangi gari a ƙetaren ruwa, har kana iya ƙirga gidajensa, amma sai ka bi titi ka shiga ƙuryar fiyod ka sake fitowa kafin ka isa. Tsakanin Hólmavík da Ísafjörður titi mai lamba 61 yana yin wannan shiga da fita sau da yawa, har tafiyar ta haura kilomita 200. Hanyar da aka tsara don kewaya yankin, Vestfjarðaleiðin, ta kai kilomita 950.

Ka kuma bar kwana ɗaya wanda ba ka sa komai a cikinsa ba. Hazo zai rufe dutsen da ka so hawa, ko a ɗage jirgin ruwa, ko kuma ka iske wurin da ba ka son bari. Masu cusa yankin cikin kwana biyu, abin da suke gani shi ne gilashin mota.

Tuƙi a can yana da wuya?

Dama ake bi kamar a gida, kuma motoci ba su da yawa. Iyakar gudu kilomita 90 a kwalta, 80 a burji, 50 a cikin gari, amma a yawancin burjin yankin ko 60 ba za ka so ka kai ba. Doka ce fitilun mota su kasance a kunne dare da rana. Sauka daga titi a shiga fili da mota laifi ne mai tara mai nauyi, domin gansakukar da taya ta murƙushe takan yi shekaru ba ta farfaɗo ba.

Manyan tituna biyu, 60 da 61, an zuba wa mafi yawansu kwalta. Ramin Dýrafjarðargöng, hanyar mota da aka huda cikin dutse aka buɗe a 2020, mai tsawon kilomita 5.6, ya kawar da wani mugun hawa da a da yake raba arewa da kudu duk hunturu. Amma hanyoyin da ke kai wa Látrabjarg da rairayin Rauðasandur da gaɓar Strandir ta gabashin yankin har yanzu burji ne, masu ramuka, masu lanƙwasa a gefen dutse, sau da yawa ba shinge tsakaninka da teku. Ƙaramar mota tana iya bi a bazara, sai dai mai ɗan tsayi ta fi kwanciyar hankali. Ka karɓi inshorar tsakuwa wurin masu ba da hayar.

Akwai abubuwan da baƙo bai saba da su ba. Gada mai layi ɗaya: wanda ya riga isa shi ke wucewa. Tudun da ba a ganin bayansa: ka rage gudu ka manne dama. Ramin Vestfjarðagöng na 1996, wanda ya rabu uku a cikin dutse, wani sashensa layi ɗaya ne tak. A bangon akwai wuraren raɓewa masu alamar M, kuma idan suna hannun damanka, kai ne za ka shiga ka tsaya har fitilar da ke tunkaro ka ta wuce. Karon farko gaba yakan faɗi, amma mutanen wurin suna bi kullum ba tare da ko hon ba.

Sai tumaki. A bazara sake su ake yi, suna kwana a bakin titi. Idan ka ga tunkiya a wannan gefe, ɗanta a wancan, to ka taka birki, domin ɗan zai ruga wurin uwarsa ta gabanka. Ka riƙe ƙofar mota da hannu biyu lokacin buɗewa, iska tana fizge ta har ta lanƙwasa maƙalarta, kuma inshora ba ta cika biyan wannan ba. Duk inda ka ga gidan mai ka cika tanki, ko da rabi ne ya rage.

Sanyin ya kai yadda ake faɗa?

A Yuli ma'auni yakan tsaya wajen digiri 10, wato kamar asubar hunturu a Jos, sai dai a nan haka ake wuni, ga iska, ga yayyafi mai zuwa ta gefe. Ba sanyin ne ke kayar da mutum ba, jiƙewa ce tare da iska. Don haka ba ƙatuwar riga ɗaya ake nema ba, hawa-hawa ake sawa: ta ulu a jikin fata, mai ɗumi a kai, sannan riga da wando masu hana ruwa. Auduga da wandon jins ba su da amfani a dutse, in sun jiƙe ba sa bushewa. Ka haɗa da hula mai rufe kunne, safar hannu, safar ƙafa ta ulu, da takalmin hawa wanda ka riga ka saba da shi tun a gida. Man shafawa da na leɓe ma suna da aiki. Lema kuwa ka bar ta, iska za ta juye ta a minti ɗaya.

Abin rufe ido na barci yana da amfani a Yuni da Yuli, don ba kowane masauki ke da labule mai kauri ba.

Waɗanne wurare ne bai kamata su wuce mutum ba?

Dynjandi, matsirgar ruwa da ke ƙuryar Arnarfjörður. Tsayinta mita 100, faɗinta mita 30 a sama, 60 a ƙasa, tana bazuwa a kan matakan dutse, ga wasu ƙanana a jere a ƙarƙashinta. Daga wurin ajiye mota hawan minti 15 ne. Ranar da manyan jiragen yawon buɗe ido suka tsaya a Ísafjörður, bas-bas kan cika wurin da rana, don haka ka je da sassafe ko bayan ƙarfe bakwai na yamma, tunda haske bai ƙarewa. A gefen wannan fiyod ɗin ne Hrafnseyri take, mahaifar Jón Sigurðsson, jagoran neman 'yancin ƙasar, wanda ranar haihuwarsa, 17 ga Yuni, ta zama ranar ƙasa.

Rauðasandur rairayi ne mai launin ja da ruwan zinariya, tsawon kusan kilomita 10, a ƙasar da yawancin yashinta baƙi ne. Gangaren da ake bi a sauka can yana buƙatar ƙaramin giya da haƙuri.

Amma in za a zaɓi ɗaya, Látrabjarg ne. Bangon dutse ne da ya miƙe kilomita 14 a bakin teku, tsayinsa a wani wuri ya kai mita 440, kuma ƙarshensa shi ne iyakar Ayislan ta yamma. Tsuntsayen teku ne maƙil a kowace tsaga, kuka da warin kashinsu suna tarar ka tun kafin ka gan su. Lundi, ɗan tsuntsu mai baƙin baya da farin ƙirji da baki mai launi ja da rawaya, ba ya tsoron mutane a nan, sai ka gan shi taku biyu daga gabanka da ƙananan kifaye jere a bakinsa. Rami yake haƙawa a ƙarƙashin ciyawar bakin dutsen, don haka ƙasar da ka ga kamar mai ƙwari ce, cikinta rarake yake. Ba a zuwa baki a tsaye. Rub da ciki ake kwantawa, a ja jiki a hankali har kai ya leƙa. Da yamma suka fi yawa, lokacin da suka dawo daga kiwo a teku.

Mutanen wannan gefen sun gaji sauka jikin dutsen da igiya don kwasar ƙwai. A Disambar 1947, da jirgin kamun kifi na Ingila mai suna Dhoon ya daki duwatsu a ƙarƙashin bangon, da wannan gwanintar manoman yankin suka sauka cikin ƙanƙara suka ceto mutum 12.

Ana ta maganar Hornstrandir. Kowa zai iya zuwa?

Ba kowa ba, kuma ba kowace irin tafiya ba. Hornstrandir ita ce ƙurya ta can arewa. Mutane sun zauna cikinta ɗaruruwan shekaru suna fama da teku, har suka haƙura suka watse, ƙauyen Hesteyri ya zama kufai a 1952. A 1975 aka mayar da yankin wurin da doka ta kare. Babu titi, babu kanti, babu gidan mai, waya ma a mafi yawan wurare ba ta kamawa. Jirgin ruwa ne ke kai mutum daga Ísafjörður a watannin bazara, kuma a wurare da dama ba matsaya, sai a sauke ka cikin ƙaramin kwalekwalen roba ya ƙarasa da kai gaɓa. Daga nan jirgin ya juya, sai ranar da kuka yi da shi.

Mai son ɗanɗani ya je Hesteyri ya wuni. Akwai tsohon gidan likita da ake sayar da shayi da fanke a cikinsa, da kangon masana'antar da 'yan Norwe suka gina a ƙarshen ƙarni na 19 don sarrafa wel, ƙatuwar dabbar teku mai siffar kifi. Wannan ko da yara ana iya yi. Tafiyar kwanaki zuwa Hornvík da dutsen Hornbjarg, wanda ya haura mita 500 daga teku, ita ce mai nauyi. Tanti da abinci da murhu duk a bayanka suke. Za ka tsallaka rafukan ruwan ƙanƙara da ƙafa, ka bi tarin duwatsu da aka jera a matsayin alama, ka lura da lokacin cikar teku da janyewarsa domin wasu hanyoyin ta bakin gaɓa suke. Hazo yana sauka cikin mintuna ya shafe komai. Wanda bai taɓa irin wannan tafiya a ƙasar sanyi ba ya ɗauki ɗan jagora, kuma ban ga dalilin jayayya a kan haka ba. A wuraren da aka keɓe kawai ake kafa tanti, duk sharar da ka yi kuma da ita za ka fito.

Ladan wahalar ita ce yanyawar arewa. Ita ce kaɗai dabbar tudu mai shayarwa da ta riga mutane zuwa Ayislan, kuma tunda ba a farautarta a Hornstrandir, takan zo har gefen tanti tana shinshina. Kada a ba ta abinci, kada a matsa wa raminta lokacin da take da 'ya'ya. Wanda bai samu zuwa ba, akwai cibiyar nazarinta a Súðavík.

In mutum bai kai nan ba, wane motsa jiki zai samu?

Da yawa. Ana tuƙa ƙaramin kwalekwale a ruwan Ísafjörður mai kwanciya, tare da jagora da rigar hana ruwa, ko ba ka taɓa riƙe filafili ba. Ana hawa Naustahvilft, wani kwarmi a jikin dutsen da ke saman filin jirgi, a hango garin gaba ɗaya. A saman Bolungarvík akwai Bolafjall, mita 638, inda aka gina dandamalin ƙarfe da ya leƙa kan teku, kuma mota tana kai wa can a bazara. Tsibirin Vigur ana zuwa a ga yadda ake tsintar lallausan gashin agwagwar teku daga sheƙarta ba tare da an cuce ta ba. Daga Hólmavík ake fita kallon wel. Mai ƙarfin gwiwa kuma ga Kaldbakur, mita 998, dutse mafi tsayi a yankin.

Akwai namun daji masu haɗari?

Babu maciji, babu kunama, sauro ma kusan babu. Wanda zai dame ka shi ne kría, wata farar tsuntsuwa mai kaifin baki da ke kai sura a ka idan ka ratsa kusa da ƙwanta a Yuni da Yuli. Ka ɗaga sanda sama da kanka ka wuce, abin da ya fi tsayi take kai wa hari. Farin beyar ba ya zama a Ayislan, amma jefi-jefi ƙanƙara kan kawo ɗaya daga Girinlan, kamar yadda ya faru a Hornstrandir a 2011 da kuma kusa da can a Satumbar 2024. Abu ne da ba safai ba. Teku da iska da bakin dutse su ne abin tsoro.

Wuraren wanka na ruwan zafi fa, ga mai kiyaye sutura?

Ruwan zafi yana ɓuɓɓugowa daga ƙasa a wurare da dama, an kuma yi masa kwarmi ko kududdufi: Hellulaug kusa da Flókalundur, Reykjafjarðarlaug a Arnarfjörður, tukwanen Drangsnes a bakin titi, Krossneslaug a ƙarshen hanyar Strandir inda igiyar teku ke bugawa a gabanka. Maza da mata tare suke shiga, cikin kayan ninkaya. A wuraren ninkaya na gari kuma ƙa'ida ce a yi wanka da sabulu tsirara kafin a shiga, maza a ɓangarensu, mata a nasu, kuma suna ɗaukar wannan da gaske. Wasu wuraren suna da ɗaki mai labule, sai a tambaya a ƙofa. Wanda wannan bai kwanta masa ba ya nufi kwarmin daji da sassafe, lokacin da ba kowa, da doguwar rigar ninkaya mai tsabta. A taɓa ruwan da hannu kafin a shiga, kuma in an ga akwatin taimako a saka wani abu, don mutanen ƙauyen ne ke share wurin.

Yaya ake salla inda rana ba ta faɗuwa?

Ísafjörður tana dab da da'irar Aktik. A ƙarshen Yuni rana takan sunkuya kusa da teku da tsakar dare ta sake tashi, gari bai yi duhu ba. Azahar da La'asar ba matsala, amma Magariba da Isha da Asuba alamominsu suna cakuɗewa ko su ɓace. Malamai sun daɗe da magana a kai: wasu sun ce a ƙaddara da lokutan gari mafi kusa da dare da rana suke rarrabuwa, wasu sun ce a bi na Makka. Ka zauna da malaminka kafin ka tashi, ka tsayar da ra'ayi ɗaya, ka rubuta jadawalinka a takarda, domin manhajojin waya suna ba da lokuta masu saɓani a irin wannan wuri. Ga kuma rangwamen ƙasaru ga matafiyi. Alƙibla daga can gabas ce da ɗan karkata kudu, ba arewa ba kamar yadda aka saba a gida. Masallatan ƙasar a Reykjavik suke, sai a tsara Juma'a ta faɗo a can. A shekarun 2026 da 2027 azumi a Fabrairu da Maris yake, don haka bai haɗu da lokacin tafiya ba.

Me za a ci?

Kifi, kuma mai kyau, wanda aka kamo da safe. Akwai plokkfiskur, dafaffen kifi da aka dama da dankali da albasa da madara, ana ci da baƙin burodi. Akwai harðfiskur, busasshen kifi da ake yaga a shafa masa man shanu, guzuri ne mai kyau a dutse. Wanda ya san kasuwar busasshen kifi a Najeriya ba baƙo ba ne a nan, domin Najeriya ce babbar mai sayen busasshen kan kifi na Ayislan.

Mai kiyaye halal ya tsaya kan kifi da ƙwai da madara da skyr, wani kindirmo mai kauri. Tsiren burodin da ake sayarwa a gidajen mai, pylsa, akwai naman alade a haɗinsa. Kada ka ɗauko kilishi ko dambun nama daga gida, an hana shigo da nama daga wajen Turai, ƙwacewa za a yi. Yaji kuwa ka ƙunso, za ka gode wa kanka, abincinsu ba ya jin barkono. Ruwan famfo ana sha ba fargaba.

Tsada fa?

Akwai ta, ba a ɓoyewa. Ayislan tana cikin ƙasashe mafi tsada a Turai, kuma hayar mota da masauki su ne ke cinye kuɗi. Kuɗinsu krona, amma kusan komai da kati ake biya, har famfon mai da ba ma'aikaci, wanda ke neman lambar sirri. Ka tabbatar katinka yana aiki a waje, ka riƙe na biyu. Abin da ke rage kashewa shi ne sayen kayan abinci a manyan kantuna irin Bónus da Nettó a Ísafjörður, da sauka a masaukin da ke da kicin. Ɗakuna a ƙauyuka kaɗan ne, na Yuli sukan ƙare tun watanni kafin lokacin. Zango da tanti ya fi araha, kusan kowane gari yana da filinsa mai banɗaki da ruwan zafi. Motar da ake kwana a cikinta dole a filin zango za ta kwana, ba a bakin titi ba.

A hunturu ana zuwa?

Ana zuwa, amma tafiya ce ta daban. Duwatsu suna tare rana daga Ísafjörður tun ƙarshen Nuwamba, sai 25 ga Janairu take sake leƙo garin, ranar da ake shan kofi da fanke don murna. Hanyoyi suna rufewa, wani lokaci kwanaki. Zaftarewar dusar ƙanƙara kuma ba labari ba ne a nan: a 1995 ta kashe mutum 14 a Súðavík a Janairu, ta kashe 20 a Flateyri a Oktoba. Bayan haka ne aka gina manyan ganuwoyin da za ka gani a saman Flateyri, aka kuma matsar da gidajen Súðavík zuwa wuri mai aminci. Masu gudun kan ƙanƙara suna zuwa wajen Ista, lokacin bikin kiɗa na Ísafjörður. Wanda bai taɓa tuƙi a kan ƙanƙara ba kada ya fara koyo a nan, ya zo a jirgi ya bi jagora.

In wani abu ya faru a hanya, wa za a kira?

Lambar gaggawa 112 ce, ga 'yan sanda da motar asibiti da masu ceto. Masu ceton 'yan sa-kai ne, masunta da makanikai da malaman makaranta da ke barin aikinsu su fita neman wanda ya ɓata. Kafin ka shiga dutse ka ajiye tsarin tafiyarka a safetravel.is, ka duba yanayi a vedur.is, ka duba halin tituna a umferdin.is, kowace safiya. Idan an sa alamar rufe hanya, a rufe take, ko da ka ga sawun taya ya wuce. Akwai asibiti a Ísafjörður da ƙarami a Patreksfjörður, manyan larurori kuma Reykjavik ake kai su ta sama. Mai shan magani kullum ya taho da isasshe har da na ƙarin kwanaki, cikin kwalinsa na asali, da takardar likita. Kusan kowa yana jin Turanci, kuma in mai masauki ko direban jirgin ruwa ya ce maka yau ba ranar fita ba ce, ka sauya shiri zuwa gobe.